Sallama Biyu

A bakin Bahaushe kalma guda ce take buɗe ƙofa, ita ce kuma take rufe ta. Baƙo ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, a amsa masa ya shigo. In ya gama abin da ya kawo shi, a yi sallama ya kama hanya. Da sallama mai sallah yake fita daga ganawa da Ubangijinsa. Mai rago a kara, in ciniki ya faɗa, sai ya ce ya sallama. Likita yakan sallami mara lafiya in ya ga ya murmure. Soja ma, ranar da shekarunsa na aiki suka cika, ko rauni ya hana shi ci gaba, abin da ake miƙa masa sunansa takardar sallama.

Na daɗe ina juya wannan kalma a raina saboda kawuna, ƙanen mahaifiyata. A rayuwarsa na ga cewa soja sallama biyu ke gabansa. Ta farko hukuma ce take yi masa, da fareti da hatimi da sa hannun hafsa. Ta biyu shi zai yi ta da bakinsa a ƙofar garinsu, ya tsaya ya jira amsa. Ta farkon rana ɗaya ake gama ta. Ta biyun wani sai ya yi shekara goma a tsaye yana maimaitawa, ana ganinsa kullum a masallaci da kasuwa, ba wanda ya lura cewa har yanzu bai shigo ba.

Kawu ya shiga soja a 1967, farkon yaƙin basasa, yana ɗan shekara ashirin. Kafin yaƙin sojojin Nijeriya ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba, amma lokacin da aka ajiye makamai a watan Janairun 1970 sun kai kimanin 250,000. Samari ne aka kwaso daga gona da kasuwa da makarantar allo, aka koya musu riƙe bindiga cikin gaggawa, aka tura su Kudu. Da ƙura ta lafa gwamnati ta shiga rage yawansu, Kawu yana cikin waɗanda aka sallama wajen ƙarshen shekarun 1970. Ya dawo da akwatin ƙarfe da bargo da rediyo. Aka yanka rago, kwana uku gida cike da masu sannu da zuwa. Rana ta huɗu kowa ya koma harkarsa.

Ni yaro ne a lokacin, amma akwai abubuwan da idon yaro ba ya mantawa. Tun kafin ladan ya yi kiran farko Kawu yana zaune bakin gado da takalmi a ƙafa, yana jiran begilar da ba za a busa ba. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In an kawo tuwo sai ya cinye kafin sauran su kai loma ta biyar. Ranar hawan Sallah 'yan bindigar sarki suka saki wuta a ƙofar fada, sai ga Kawu kwance rub da ciki a cikin kwata, da sabuwar rigarsa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ai ka san halin soja, tsofaffin mata suka fara raɗe-raɗin iska. Daga ranar ya rage fita. A gida kuma ya zama abin tsoro, magana kaɗan sai tsawa, 'ya'yansa in sun ji tarinsa sai su watse.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke a gindin darbejiya kusa da tasha, kowa Baba Saja yake ce masa. Shi yaƙin Hitila ya yi. Yana cikin dubban 'yan Afirka ta Yamma da Ingila ta kwasa a runduna ta 81 da ta 82 zuwa dazukan Burma su yaƙi Japan, a zamanin da Hausa ce harshen bariki. Wata rana bayan la'asar ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama, ya ce a kira masa Kawu. Da Kawu ya leƙo sai dattijon ya ce: "Kofur, fito mu sha iska."

Kawu ya ce: "Ranka ya daɗe, ai na ajiye igiya."

Baba Saja ya ce: "Ni na ajiye tawa tun ba a haife ka ba. Fito."

Ya fito. Kashegari ma ya zo, ya sake fita da shi. Gindin darbejiyar nan ya kai shi, ya miƙa masa sifana da taya, ya ce ya yi faci. Wata guda suna zaune tare, ni ina kai musu ruwa, ban taɓa jin Baba Saja ya tambaye shi abin da ya gani a yaƙi ba. Sai wata rana na ji yana ce masa, idonsa na kan sarƙar keke: "Barcin nan zai dawo, amma a hankali. Ni sai da na yi damina uku." Kawu bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana rawa. Ban san me ya faru ba a lokacin. Yau na san cewa ranar ce aka amsa masa sallama.

Mu tsaya a kan sunan da muke kiran wanda ba soja ba: farar hula. Sojan zamanin Turawa jar dara yake sawa ranar fareti, na yau hular kwano ko ta ulu, talaka kuwa yana nan da farar hularsa. Harshen ya ɗauki bambancin rayuwa biyu ya ɗora shi a kan abin da ake sawa a ka, kamar dai tuɓe wannan a sa waccan ya isa. Amma hula a kan kai take zama, abin da bariki ta gina kuwa a cikin kan yake. A Defo na Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, wata shida ake yi ana sauya wa saurayi tafiya da tsayuwa da barci da cin abinci, har sunansa ya koma lamba. Daga nan ya yi shekara ashirin, ko talatin da biyar in ya kai iyaka, ba shi ke zaɓar garin da zai zauna ba, ba shi ke zaɓar lokacin tashi ba, bai san kuɗin haya ba, bai san taya kaya a kasuwa yadda ɗan gari ya sani ba. A bariki kowa darajarsa a hannun riga ko a kafaɗa take, igiya biyu kofur, igiya uku saja, anini na hafsa. Kallo ɗaya ya ishe ka sanin wa za ka sara wa, wa zai sara maka. A cikin gari daraja ba a rubuce take ba, sai an san gidanku, da wanda ka aura, da jana'izar da ka halarta, da bikin da ka yi gudummawa. Mutumin da ya yi shekara talatin ba ya nan duk waɗannan sun wuce shi.

Sai kuma sunan da muke kiransa shi: tsohon soja. Tsoho a Hausa fuska biyu gare shi, akwai na shekaru, akwai na abin da ya wuce. Wanda ya shiga yana ɗan ashirin ya fita da arba'in da biyu, ƙarfinsa na nan, 'ya'yansa na firamare, amma sunan ya riga ya zaunar da shi a kan dakali tare da masu sanda. In muna son girmamawa sai mu ce 'yan mazan jiya. Suna ne mai nauyi, da shi ake kiran ranar 15 ga Janairu da Nijeriya ta keɓe don tunawa da su, ranar da ta yi daidai da ƙarewar yaƙin basasa, da shi kuma ake kiran ƙungiyarsu ta ƙasa. Ina son sunan. Sai dai duk lokacin da na furta shi nakan ji kalmar jiya tana yi mini nauyi a harshe. Mun ba su jiya dukkanta, da kirari da furanni. Abin da mutumin yake nema a wurinmu shi ne gobe: me zai tashi ya yi da safe, wa zai gaisa da shi, a wane sahu zai tsaya.

To shi kuma Baba Saja, me za mu kira aikin da ya yi? Na auna kalmomi da yawa. Ubangida bai dace ba, domin ubangida sama yake da yaronsa, yana ci da shi yana tufatar da shi, Kawu kuwa ya gaji da masu ba shi umarni. Malami ma bai dace ba, domin babu allo babu darasi a tsakaninsu. Aboki ya yi kusa, amma Kawu yana da abokan ƙuruciya da ke sonsa, suka zo suka zauna suka rasa abin faɗa, ko su roƙe shi labarin mutum nawa ya harbe. Jagora ta fi kusa. Asalinta mai jan gora ne, yaron da ke riƙe bakin sandar makaho yana gaba, kuma Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Tsohon soja baƙo ne a garin da aka binne cibiyarsa. Amma ɗan jagora bai taɓa makancewa ba, bai san duhun da na bayansa ke ciki ba.

Kalmar da ta fi kwanta mini a rai daga fatake na samo ta. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu mai shugabanci, yana kuma da jagaba. Jagaba bafatake ne kamar kowa, ƙafarsa ta sha ƙaya ɗaya da ta sauran, abin da ya fi su shi ne ya taɓa bin hanyar. Ya san mashigin da ake ƙetare kogi, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da zangon da ake kwana lafiya. In ya ce saura yini biyu a kai ruwa, ana yarda, domin da ƙafarsa ya auna. Abin da ya sa maganar damina uku ta ratsa Kawu ke nan. Da liman ne ko yayansa ya ce masa barci zai dawo, da ya ɗauke ta addu'a ce ko lallashi. Daga bakin wanda ya kwana a ramin Burma kuwa, shaida ce.

Wasu ƙasashe sun gano wannan bayan sun sha wuya, suka mayar da shi tsari. A Amurka, tun wajen 1970 samarin da suka dawo daga Biyetnam suka fara taruwa a birnin New York suna zayyana wa juna abin da ba su iya faɗa wa iyalansu. Daga irin wannan zama aka matsa wa hukuma, har a 1979 majalisar ƙasar ta amince da buɗe cibiyoyi a cikin unguwanni, nesa da manyan asibitoci, inda da yawa daga masu ba da shawara su ma tsofaffin sojan yaƙin ne. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka shigar da firgicin bayan tashin hankali cikin kundinsu na cututtuka. A 2008 wani alƙali a birnin Buffalo, Robert Russell, ya buɗe kotu ta musamman don tsofaffin sojan da shaye-shaye ko damuwa suka jefa cikin laifi, ya haɗa kowannensu da wani tsohon soja ɗan sa-kai da zai riƙa tsaya masa. Kotuna masu yawa a ƙasar sun kwaikwayi wannan daga baya.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Kanada, domin a kan kalma aka fara. Wani hafsa mai suna Stéphane Grenier ya yi aiki da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda a zamanin kisan ƙare dangi na 1994, ya koma gida da abin da ya hana shi sukuni. Ya lura sojoji suna gudun duk sunan da ke nuna taɓin hankali, sai ya kira abin da sunan rauni, raunin da wahalar fagen fama ke yi wa zuciya. A 2001 ya jagoranci kafa shirin da waɗanda suka ji irin wannan rauni suka samu sauƙi suke tallafa wa na bayansu. Bahaushe zai gane hikimar nan take. A ce da namiji yana da taɓi, an kashe masa aure da sana'a da shaida. A ce ya ji rauni a filin daga, an ƙara masa girma, kuma kowa ya san rauni ana ɗaure shi ya warke. Da mutanen unguwarmu sun san cewa abin da ya kwantar da Kawu a kwata rauni ne irin na harsashi, da ba wanda ya yi dariya.

A gida Nijeriya akwai cibiyar da ke Oshodi a Legas, inda sojojin da ke gab da ritaya ke yin wata shida suna koyon sana'a: ɗinki, kafinta, walda, kiwon kaji da kifi, yin sabulu. Aiki ne mai kyau, wata shida na fita kamar yadda aka yi wata shida na shiga. Amma a Defo kurtu ba shi kaɗai yake ba, in ya fita kuma bataliya ce za ta karɓe shi, da samanja da zai san in bai ci abinci ba. Wanda ya gama Oshodi mota zai hau shi kaɗai zuwa Gumel ko Biu ko Kontagora, ba wanda ke jiransa da ya san inda ya fito. Ga shi kuwa masu dawowa ba su ƙare ba. Bayan 'yan Burma da 'yan yaƙin basasa an yi waɗanda suka je Laberiya daga 1990, da Saliyo, da Darfur. Tun 2009 kuma ga yaƙin Arewa maso Gabas, wanda ya ci sojojin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru a kewayen Tafkin Chadi, ga na dazukan Zamfara da Katsina. Cikinsu akwai mata da suka sa kaki, su ma da nasu nauyin, kuma mun san ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Aikin jagaba yawancinsa ƙananan abubuwa ne. Baba Saja ne ya raka Kawu neman haƙƙinsa na sallama, ya nuna masa takardun da zai riƙe da waɗanda ba zai taɓa ba wa kowa asalinsu ba. Shi ya hana shi zuba kuɗinsa gaba ɗaya a hannun wani mai daɗin baki da ya zo da labarin motar haya, domin ya ga yadda irin wannan ta ƙare da abokansa a 1946. Ya ce ya sayi gona da injin markaɗe, ya rage wani abu. Shi ya ce masa wata rana, ina ji: "Kofur, matarka ba kurtu ba ce. In kana son ruwa, ka roƙa." Shi ya riƙa jansa zuwa ɗaurin aure da zaman makoki, yana gabatar da shi da sunan mahaifinsa, har mutane suka koma kiransa ɗan gidan wane. Tsohon sojan yau ma irin wannan yake bukata, wanda zai gaya masa yadda ake tantancewar fansho, da yadda garatuti ke narkewa in dangi da 'yan damfara suka ji ƙamshinsa, da cewa gadi ba shi kaɗai ne aikin da ya iya ba. Wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin yaƙi makanike ne, wanda ya riƙe sito ya iya lissafin kaya, wanda ya ɗaure raunuka a daji ya san aikin jinya. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, maganar bariki kanta ya mayar sana'a, ya zama Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna, ya sa farar hula suka san soja mutum ne mai iyali da bashi da dariya.

Aikin yana da ladubbansa. Na farko amana: abin da aka faɗa a gindin darbejiya a nan yake kwana. Har Baba Saja ya koma ga Allah ba wanda ya ji daga bakinsa abin da Kawu ya gaya masa. Na biyu haƙuri, kada a tono abin da mai shi bai shirya fitarwa ba. Na uku, jagaba ya tabbata nasa raunin ya kama hanyar warkewa, don kada zaman ya koma na masu tayar wa juna miki, ko na kwalba da ƙwaya. Na huɗu ya san iyakarsa. In mutum ya daina barci sam, ko ya fara dukan iyali, ko yana maganar ya gaji da duniya, wannan ya wuce hira. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai na soja. Sai dai namijin da ya tsaya gaban harsashi yakan ji kunyar taka ƙofarsu. Wanda zai iya ce masa tashi mu je tare, ni ma na je, shi ne wanda ya sa kaki irin nasa. Wannan rakiya kaɗai ta isa ta ceci rai.

Ba sai an jira kasafin kuɗi ba kafin a fara. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da tsofaffin sojan da suka zauna da ƙafafunsu, suna noma suna kasuwa suna limanci. Abin da ya rage shi ne reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya, ko mai unguwa, ko liman, ko fasto, ya san ranar da wani zai dawo, a ce da wane ga naka nan, ka riƙa leƙa shi. Zumunta a ƙafa take, wannan ma haka.

Malamanmu sun karantar da mu cewa yin sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi. In jama'a ce aka yi wa, mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa sauran, in kuwa duk suka yi shiru, laifin ya hau kan kowa. Sun kuma ce mai neman izinin shiga sau uku yake yi, in ba a amsa ba ya juya. Na san waɗanda suka juya. Suna nan cikin gari da farar hula a ka, amma sun koma wani daji a cikin ransu, ba su sake fitowa ba. Unguwarmu kuwa mai gyaran keke ne ya ɗauke mana wannan farilla, mu ba mu ma san an yi sallama ba.

Kawu ya yi barcinsa, ya aurar da 'ya'yansa, jikoki suka riƙa hawa kafaɗar da a da ake gudu. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani yaro a bayan layinmu ya dawo daga Saliyo da ɗingishi, aka yi masa kwana uku na sannu da zuwa, daga nan aka daina ganinsa a waje. Wata la'asar na ga Kawu ya sa hularsa, ya ɗauki buta ya ajiye, ya ɗauki sanda. Na ce: "Kawu, ina zuwa?" Ya ce akwai wanda zai fitar ya sha iska. Na bi shi da ido har ya tsaya a ƙofar gidan, ya gyara tsayuwa, ya yi sallama.